Jirgin Kara Mai Kai a Baya

Ƙarar guduma ce ta fara sanar da ni. Ina zaune a ƙofar gida da hantsi, ina jiran rana ta ɗan gasa mini gwiwoyi, sai na ji ana dukan kwano daga wajen bakin fadama. Ban tambayi kowa ba na san rufin tsohon sito ne, don duk garin nan babu kwano mai kaurin da zai ba da wannan amo sai shi. Kwanon yanzu in an doke shi kuka yake yi kamar faranti. Wancan kuwa gurnani yake yi, ka ji shi har cikin ƙirjinka. Na daɗe ban ji wannan murya ba, har na ɗauka na manta ta.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma layin dogo bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, har yau ɗin nan da nake rubutu. Duk da haka mun tashi muna da wurin da muke kira tashar jirgi. Sito ne babba da masu jirgin ƙasa suka gina a bakin fadama, inda ake tara shinkafa da albasa da busasshen kifi da fatu, motoci su zo su kwasa su kai Gusau, can inda dogo yake. Da hanyoyi suka gyaru, manyan motoci suka yi yawa, sai aka daina. Wani tsohon hedimasta, Allah ya jiƙansa, ya roƙa aka ba shi wurin, ya mai da shi ɗan gidan tarihi. Ya ajiye sikelin awo da fitilu da ƙarfen da ake buga lamba a jikin buhu, yana kai 'yan makaranta suna gani. Da ya rasu aka rufe. Ruwan wata shekara ya shiga ya bar laka har gwiwa, jemagu suka gaje wurin. Yanzu kuma 'ya'yan garin da suka yi karatu sun haɗa kai za su sake buɗe shi.

Bayan kwana biyu da jin gudumar, wata malamar makaranta ta zo wurina. 'Yar abokina ce marigayi, ita suka ɗora a kan aikin. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, sannan ta ce, "Baba, an ce kai ka yi jirgin karan nan da ya daɗe a tagar sito. Duk tsohon da muka tambaya sai ya ambace shi. Muna so ka sake yi mana."

Na ce, "Hannun ya tsufa, Malama."

Ta ce, "Hannun da na gani da basilla ranar kasuwa yana ɗinke buhun gero? Haba Baba. Irinsa sak muke so, kar ka ƙara, kar ka rage."

Na ce zan duba. Ta tafi tana murna, ni kuwa ta bar ni da abin da ya hana ni jin daɗin tuwo. Domin jirgin nan da suke yabo, ba daidai muka yi shi ba. Kan jirgi, wato mai hayaƙin nan da ke jan taragu, a baya muka sa shi, yana turawa. In na yi shi sak, baƙi za su zo daga Birnin Kebbi su yi dariya, kuma ba ni kaɗai za su yi wa ba, har da kakana wanda ya ce a yi haka, yana kwance a kabarinsa ba shi da bakin ramawa. In kuma na gyara na ce ga irinsa, na yaudari yara a gidan da aka buɗe don a nuna musu abin da ya wuce yadda yake. Ga shi kuma akwai ƙarya ɗaya da na riga na yi a kan jirgin nan, ban gama da ita ba har yanzu.

Bari in faɗi sito yadda na san shi. Na fita firamare ke nan aka kai ni can ɗinkin buhu. Kafin rana ta fito sosai mun share daɓen, mun yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, mun baza albasar jiya ta sha iska muna tsince mai laushi. Daga nan sai ka fara jin gari yana zuwa. Kwale-kwale na bugun juna a bakin ruwa, ƙum, ƙum. Jakuna na kuka a gindin kuka ana sauke musu mangala. Sarƙar sikeli na ƙara duk lokacin da aka ɗora buhu. Mata masu masa da fura suna kiran leburori da sunayen tsokana, su kuma suna rantsuwar ba za su sake saye ba, gobe kuma su saya. Warin kifi da na albasa sun kama rigunanmu har uwata ta ware mini ƙusar rataya tawa ni kaɗai a bayan ɗaki. Mai awon sito, wani dogon mutum mai gajeren haƙuri, shi ya koya mini ɗinki. Yakan ce, "Buhun nan zai yi tafiyar da ba ka taɓa yi ba, ka ɗinke shi kamar kai za ka bi shi." Maganar ta shige ni fiye da yadda ya yi nufi. Sai in ɗinke buhu, in ja bakinsa in gwada, in tafi, in dawo in sake ja. Wani lokaci har an loda shi a mota sai in hau in duba. Leburori suka sa mini suna Sake-duba, sunan ya bi ni har na yi furfura. Yanzu buhun leda ake yi, a ja masa inji a baki kafin ka ƙifta ido an gama. Ban ce bai fi sauƙi ba. Sai dai mai injin ba ya sanin buhun da ya ɗinka in ya gan shi gobe, mu kuwa muna gane ɗinkin junanmu kamar yadda ake gane fuska.

Kakana mahaifin uwata ne. Duk rayuwarsa tuƙin kwale-kwale ya yi, yana ɗauko kaya daga cikin fadama zuwa bakin sito, da gora a hannu. Kafin in yi wayo yanar ido ta rufe masa gani. Kowace safiya ni nake riƙe masa sanda in kai shi inuwar bangon sito, in shimfiɗa masa tabarma. A nan yake wuni. Daga yadda gora ke shiga ruwa yake gane mai tuƙi, sai ka ji ya ɗaga murya yana cewa wane ya yi lodi ya karkata, a rage masa buhu ɗaya daga hagu. In an duba kuwa haka ne. Ni kuma ba ya kirana da sunana, sai raggo. Yakan ce in na kuskura na yi aure yana da rai, ranar za a ga amarya ta bi shi, don ya fi ni kyau ko da ba ya gani.

A lokacin, in an gama girbin dawa, duk yaron garin motar kara yake yi. Ana zaɓar kara mai kauri wanda ya bushe a tsaye, a feƙe ɓawonsa siri-siri, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, a riƙa soka ɓawon a cikinta har abu ya tashi. Ɓawon kara kaifi gare shi kamar aska, babu wanda ya koyi wannan aiki bai zubar da jini ba. Ni na iya, ko da na fara girma ban daina ba, nakan yi wa ƙannena a lokacin hutun azahar. Wata rana Kaka ya karɓi wata mota da na gama, ya shafa ta, ya ce, "Kullum mota, kullum mota. Kai da ka ɗinka ma jirgi buhu, ba ka iya yin jirgin?"

Na ce, "Ban taɓa ganinsa ba, Kaka."

Ya ce, "Ni na gan shi? Amma ina da kunne, raggo. Ɗauko kara."

Abin da ya tsinta daga hirar direbobi shi muka bi. An ce ɗakuna ne aka ɗaura wa juna, tsawonsu ya kai daga sito zuwa masallaci, kuma guda ɗaya a cikinsu ke da wuta da hayaƙi da ƙarfin duka. Kwana da yawa muka yi muna aikin. Na yi taragu shida, na fere sakaina na yi ƙafafu, na kafe su da ƙayar aduwa. Ɓawon da za a lanƙwasa nakan bar shi ya sha raɓa don kar ya karye. Mai hayaƙin na shafe shi da baƙin tukunya, na kafa masa bututu na sillen kara. Kowane yanki sai Kaka ya bi shi da yatsa, ya ce wannan ya yi, wannan a sake. Da na gama na ce, "To, mai hayaƙin ina zan sa shi?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Tambaya kake? Shekara nawa kana kallon gulbi? Ka taɓa ganin mai gora gaban kaya? Mai ƙarhi baya shike tsayawa, shi ga kayanai duka, shi ga inda hanci ya nuhwa. Gaba sai mai ido, shi zauna da hitila shi duba hanya."

Ban ga abin musu a ciki ba. Haka na ga ana tafi da kaya tun da aka haife ni. Na yi wa taragon farko hanci mai tsini, na zaunar da ɗan mutum na laka a kai da fitilarsa, na maƙala mai hayaƙi a ƙarshe yana fuskantar kayansa. Mai awo ya gani, ya ɗauka da hannu biyu ya ɗora a tagar sito ta wajen hanya. Matan ƙauyukan fadama in sun kawo albasa sai sun tsaya sun nuna wa 'ya'yansu, suna cewa ga abin da ke kai albasarmu kudu. Jirgin ya yi damina biyu a wurin kafin in ga na gaske.

Yadda aka yi na gani, wani lodin albasa ne da aka zuba a tsofaffin buhuna, aka ce a haɗa direba da mai basilla ko za su fashe a hanya. Aka zaɓe ni. Kwana biyu muka yi a motar nan mai bodin katako, ina bisa kaya ina laluben ɗinki. Da safe muka isa Gusau, muna cikin sauke buhuna sai na ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafata, sannan wani usur mai tsawo ya tsaga iska. Na bar basilla a jikin buhu na ruga bakin dogo. Ina ta leƙen can nesa, ina jiran in fara ganin mai fitila a gaba, hayaƙi kuma ya biyo daga baya. Sai ga mai hayaƙin da kansa a gaba, baƙi ƙirin, yana huci, zafinsa ya doki fuskata. Taragu suna biye da shi kamar 'ya'yan agwagwa. Na tsaya har na ƙarshe ya wuce, babu kowa a bayansa, babu abin da ke tura shi. Na ce a raina watakila wannan ne kaɗai aka juya. Na ƙi cin abinci na jira na yamma. Shi ma haka ya zo.

A hanyar dawowa mota ba kaya, direba ya ce in shigo gaba. Mutum ne mai yawan goro da ƙarancin magana. Mun yi nisa sannan ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Mu ma mun daɗe da gani."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Direbobin nan duka, da mai awo, da akawun da ke zuwa duba kaya, babu wanda bai san yadda jirgi yake ba, kuma kullum suna wucewa ta gaban tagar nan. Na ce, "To don me ba wanda ya faɗa mana?"

Ya tofar da tukar goro ta taga, ya ce, "Wa ya tambaye mu? Tsoho ido ya tafi, gora ta tafi, abin da ya rage masa shi ne ya san yadda ake tafi da kaya. Ni zan je in karɓe? Jirgin kara ne, ba zai kaɗe kowa ba."

Su ba a tambaye su ba. Ni aka tambaye ni. Muna isa, ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba, Kaka ya ji muryata daga inuwarsa. Leburori na zaune kewaye da shi, da masu kwale-kwale biyu ko uku. Ya ce, "Raggo ya dawo! Zaka nan. Mi kag gani? Mai hayaƙin baya shike ko ba baya ba?" Ya ɗago fuska wajena, bakinsa a buɗe, ya riga ya shirya dariyar nasara. Na dubi direba, ya juya yana duban tayar motarsa. Na dubi mai awo, ya sunkuya yana gyara sarƙar sikeli da babu abin da ya same ta. Sai na ji bakina ya ce, "Awo, haka ne, Kaka. Baya shike."

Ya tafa hannu. Ya ce, "Ban hwaɗa muku ba? Ko Bature bai iya sake ma kaya hali!" Daga ranar duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labari, cewa jikansa ya tafi har inda dogo yake ya gani da idonsa. Kowace faɗa ɗaya sai in ji kamar na sake yin ƙaryar sabuwa. Sau da yawa ina riƙe da sandarsa a hanyar gida nakan shirya maganar a bakina, in ce gobe. Da damina ta zo ya kwanta, bai tashi ba. Jirgin ya zauna a taga har gara ta cinye shi, ban gyara shi ba, ban kuma ƙara ɗaga ido na dube shi ba. Na yi istigfari iyakar iyawata, amma wanda na yi wa ƙaryar ba ya nan balle in ce ya yafe mini.

Wannan shi ne abin da Malama ta tono ba ta sani ba. Da na kasa yanke shawara, na hau mota na tafi Argungu wurin yayata, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san Kaka a gida. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Na zayyana mata komai tun daga farko. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, "Don wanga kat taso tun daga gida? Ni na aza rasuwa anka yi. Kai dai ba ka sake hali. Tun muna da haƙora kake ɗauke da abin ga?"

Na ce, "Ƙarya na yi masa, Yaya, a gaban mutane."

Ta ce, "Ban ce ba ƙarya ba ce. Amma ni ka kai mishi tuwo, ba kai ba. Kahin tahiyar nan taka sai an yi da shi shike cin loma biyu. Bayan ka dawo, har ƙari shike nema, shi ce a wanke mishi hula za shi hira. Abin da nig gani ke nan. Sauran kai da Allahnka."

Na ce, "In na yi shi yadda yake, za a yi masa dariya."

Ta ajiye faifai ta dube ni. Ta ce, "Kaka? Akwai wanda bai yi ma dariya ba garin nan? Liman kaɗai ya tsira, shi ma sai ran Juma'a. Bari a rama, ba ya jin haushi. Sha ruwa ka tashi, kana tsare min haske."

Na dawo da ɗan sauƙi. Samun kara kuma ya zama wani aikin. Yanzu fadama duk shinkafa ce, daga safe har yamma injin ban ruwa ke ta ɓaɓatu inda da muke jin tsuntsaye. Ɗan karan da ake samu gajere ne, kuma ana gama girbi masu dabbobi sun kwashe. Sai wajen Ambursa na sami wani manomi da ya riƙe irin dawar da, mai dogon kara. Da na faɗa masa abin da zan yi, ya shiga ya zaɓo mini da kansa, ya ɗaure, ya ce shi ma ya taɓa yanke yatsa a wannan sana'a.

A cikin sito nake aikin, don Malama ta ba ni kusurwa. An wanke laka, an kori jemagu, an shafa farar ƙasa. A tsakiya aka kafa babban tebur. Wani mutumin kudu mai shagon kayan lantarki a Birnin Kebbi, wanda ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu, shi ya kawo ƙananan jirage na ƙarfe da ɗan layinsu mai zagaye, masu tafiya da batir. Mahaifinsa ma'aikacin jirgi ne, a wurinsa ya gaje su, ya ce gara yara su gani da su yi tsatsa a akwati. Yana haɗa layinsa ina fere sakainata, har muka saba. Ranar da na maƙala mai hayaƙi a baya ya zo ya tsaya a kaina ya yi ta kallo. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Na ce, "Faɗi, na sani." Na ba shi labarin.

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Baba, ai kakanka bai yi kuskure duka ba. A cikin tasha, in ana jera taragu, kan jirgi ta baya yake tura su. Na gani da idona, babana ya sha yi. Ka ce kawai naka yana cikin tasha ne. Magana ta ƙare, ba mai dariya."

Wallahi na ji daɗin wannan magana, har yau ina gode masa. Kwana biyu ina juya ta. Ga ƙofa a buɗe, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma mu ba jirgin cikin tasha muka yi ba. Mun yi jirgin da ke kai albasa kudu ne, da mai fitila a gaba yana duba hanya. Ranar da Kaka ya tambaye ni ban san ana tura taragu ba, abin da na gani da idona shi na juya. Na koma na ce masa ba zan iya ba. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, kai dai wahala kake so." Na ce an daɗe ana faɗa mini.

Na kira Malama na nuna mata, na faɗa mata duka. Ta kawo farin kwali da alƙalami ta ce in rubuta da hannuna a ajiye a gefe. Na lalata kwali uku kafin na huɗu ya yi. Ga abin da na rubuta: "Haka muka zaci jirgi yake. Ba haka yake ba, kansa a gaba yake. Wanda ya ce a sa shi baya mai tuƙin kwale-kwale ne, bai taɓa ganin jirgi ba. Wanda ya je ya gani, ya dawo ya ce masa daidai ne, ni ne."

Ranar buɗewa sito ya cika kamar lokacin albasa. An zo daga Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan fadama. Da mutumin kudu ya kunna jiragensa suka fara zagaye tebur, yara suka ɗau ihu har kwanon rufi ya amsa. Daga nan Malama ta ja mutane zuwa taga, ta ce in yi bayani. Na matso kusa da jirgin. Ban kai ga buɗe baki ba wani mai babbar riga, an ce daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi yake, ya ce, "A'a, wannan jirgin da baya yake tafiya?" Aka fashe da dariya. Na bari ta lafa, na faɗi labarin kamar yadda na rubuta shi nan, ban ɓoye nawa ba. Da na zo kan maganar Kaka ta mai ƙarfi da ke tsayawa baya, aka sake dariya, har da ni a ciki, abin da ban taɓa zato ba. Wani tsohon mai kwale-kwale da ke jingine da ƙofa ya ce, "To ku da kuke dariya, ku zo gulbi ku tsaya gaban kaya mu gani!" Mai babbar rigar ya ɗaga hannu biyu ya ce ya tuba. Da aka watse na zauna a bakin taga, na yi wa Kaka addu'a, da direban nan, da mai awo, da duk waɗanda suka sani suka yi shiru. A da ina ganin sun bar ni ni kaɗai a rana. Yanzu da na kai shekarun Kaka na san abin da suka yi masa, kuma ina fata a yi mini irinsa.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe mutanen yanzu ba sa karanta kwali. Bayan mako ɗaya na leƙa, na tarar wani ya cire mai hayaƙi ya maƙala shi a gaba, ya tare wa mai fitila hanya. Na mayar. Ranar kasuwa ta zagayo, an sake. Hankalina ya tashi, na je wurin Malama, ta ce za ta sa a yi masa akwatin gilashi ko a manne shi da gam. Na kwana ina tunani, da safe na ce a bari. Jirgin da aka yi da laluben yatsa ba zan hana a taɓa shi ba. Yanzu duk ranar kasuwa nakan tako a hankali zuwa sito in duba, sau da yawa kuwa sai na tarar an yi mini gyara.

Wannan makon da na je, an sake kai shi gaba, kuma a wajen cirewa maƙalin ya karye. Wanda ya karya bai gudu ya bar shi ba. Ya samo ɓawon kara, ya feƙe shi siriri, ya lanƙwasa ya yi sabon maƙali, ya soke shi a totuwa daidai inda ya kamata. Na kai shi wajen haske na juya, na ja na gwada, na sake ja. Bai motsa ba. Ba irin ɗaurina ba ne, ban kuma san hannun wa ba ne, na tambayi mai gadi ya ce bai lura ba. Na mayar da kan jirgi baya inda Kaka ya ce, da sabon maƙalinsa, ban sake masa komai ba.